Ciwon ƙirji ga mai cutar MS: tsoka ce, laka ce, ko wani abu dabam?

Da zarar likita ya tabbatar wa mutum cewa yana ɗauke da cutar maltipul sikilerosis, wadda aka fi sani da MS, sai wata ɗabi'a ta biyo baya wadda ba a cika lura da ita ba. Duk ciwon da ya taso daga ranar, ita ake ɗora wa. Kai ya sara, ai MS ce. Baya ya riƙe, ai MS ce. Ƙirji ya ɗaure, ita ce dai. Majinyaci na faɗin haka, 'yan uwa na faɗa, wani lokaci har ma'aikacin asibitin da layi ya yi wa yawa. A ganina wannan saurin yanke hukunci yana jawo wahalar da ba dole ba, kuma babu inda ya fi yin ɓarna kamar a ƙirji. A wannan ɗan wuri abubuwa da dama ke haifar da ciwo mai kama da juna, alhali maganinsu ba ɗaya ba ne, haɗarinsu ma ba ɗaya ba.

MS cuta ce da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya, ta riƙa cin rufin kitsen da ya lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka da jijiyar ido. Wannan rufi, mayalin, shi ke sa saƙo ya yi gudu tsakanin ƙwaƙwalwa da sauran jiki. In ya lalace sai saƙon ya yi jinkiri, ko ya rikice, ko ya tsaya cak, wurin kuma ya bar tabo. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a 1868 a asibitin Salpêtrière da ke Paris. Ƙididdigar da ƙungiyar MS ta duniya ta fitar a 2020 ta ce masu ita sun kai miliyan 2.8, mata sun ninka maza, kuma yawanci tana bayyana ne tsakanin shekara 20 zuwa 40, daidai lokacin da mutum ke cikin ganiyar aiki da renon yara. An fi samunta a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Amurka da arewacin Turai. A Najeriya da Nijar ba ta da yawa a alƙaluma, sai dai gano ta na buƙatar hoton MRI, wato hoton cikin ƙwaƙwalwa da laka, da likitan jijiyoyi, waɗanda duka sun yi ƙaranci, don haka ƙarancin adadi ba lallai ya zama ƙarancin cuta ba.

An daɗe ana koyar da ɗaliban likitanci cewa MS cuta ce ta raunin gaɓoɓi da dushewar gani, ba ta zogi ba. Majinyata sun san ba haka ba ne tun kafin takardu su yarda. A 2013 wasu masu bincike a Edinburgh suka tattara nazarce-nazarcen da aka yi a baya, suka ga kusan kashi 63 cikin 100 na masu MS na fama da wani nau'in ciwo. Abin lura a sakamakon shi ne ciwon ba iri ɗaya ba ne. Akwai ciwon kai, akwai raɗaɗin jijiya a ƙafafu da hannaye, akwai ciwon baya, akwai murɗewar tsoka. Wasu daga tabon laka suke kai tsaye. Wasu kuwa daga yadda jiki ke fafutukar rayuwa da raunin ne, kuma su ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, duk da cewa su suka fi sauƙin gyara.

Bari mu fara da wanda ke zuwa daga laka. Kowane gefen ƙirji na da haƙarƙari 12, a tsakaninsu kuma akwai ƙananan tsokoki hawa uku da ke buɗa ƙirji su rufe yayin numfashi. Kowane tsakani yana da jijiyarsa da ta fito daga laka ta zagayo zuwa gaba. In tabon MS ya faɗa a lakar da ke daidai ƙirji, ɗayan abu biyu ke faruwa, ko duka biyun. Ko dai tsokokin su riƙa samun umarnin ƙarya su ɗaure da kansu, ko kuma ƙwaƙwalwa ta riƙa karɓar labarin matsi alhali babu abin da ya matse. Mai shi yakan ji kamar an ɗaura masa ɗamara an tamke, wani a ƙasan nono, wani a kan cibiya, wani gefe guda kawai. Masu cutar a ƙasashen Turai suna kiransa rungumar MS. Wani yana zuwa masa na 'yan daƙiƙu ya wuce, wani ya wuni da shi, wani ya kwana da kwanaki. Yana iya haɗawa da ƙuna, ko tsira kamar allura, ko mutuwar fata. Akwai wanda taɓawar riga kaɗai ke tayar masa da shi har sai ya koma sa manyan kaya, akwai kuma wanda sai ya danne wurin da tafin hannu ko ya sa matsattsiyar singileti yake samun sauƙi. Dukansu gaskiya suke faɗa. Jijiyar da ta rikice ba ta bin ƙa'ida guda.

Ciwon tsoka kuwa labarinsa dabam ne, kuma a nan ya kamata a daɗe.

A ɗauki mace mai shekara talatin da 'yan kai wadda MS ta raunana mata ƙafar hagu. Da safe za ta tashi daga katifar da ke ƙasa. Mai lafiya cinyoyinsa ne ke ɗaga shi bai ma sani ba. Ita kuwa sai ta juya gefe, ta dafa ƙasa da hannun dama, ta kamo bakin taga ko ƙafar kujera, ta ja jikinta sama. Nauyin da ƙafa ya kamata ta ɗauka ya koma kan kafaɗa da babbar tsokar gaban ƙirji da tsokokin haƙarƙari. Haka za ta sake yi a banɗaki, musamman in na tsuguno ne. Haka in za ta fito daga a-daidaita-sahu. In tana dogara sanda, kowane taku hannu guda ne ke danna ƙasa, jikin kuma ya karkace zuwa gefen. In kan keken guragu take, hannayen ne ƙafafunta wuni guda. Tsokokin ƙirji ba a halicce su don wannan dako ba. Ranar da ta yi tuntuɓe ta yi wuf ta cafke ƙofa don kada ta faɗi, ko ta yi tari mai ƙarfi, ko ta miƙa hannu ta sauko da tukunya daga sama, sai wasu zaren tsokar su yage. Washegari ta tashi da suka a gefen ƙirji. MS ce ta shirya filin, amma ciwon kansa irin na kowa ne, irin wanda ɗan dako ko ɗan ƙwallo ke samu.

Faɗuwa ma ba ƙaramin abu ba ce a nan. Bincike da dama sun nuna fiye da rabin masu MS kan faɗi aƙalla sau ɗaya cikin 'yan watanni. Ga kuma ƙashi da ke yin rauni saboda ƙarancin motsi da ƙarancin bitamin D, da maimaita allurar sitiroyid da ake yi in cutar ta tashi. Saboda haka abin da aka ɗauka targaɗen tsoka ne yana iya zama tsagewar haƙarƙari. Akwai kuma kumburin guringuntsin da ya haɗa haƙarƙari da ƙashin tsakiyar ƙirji, wanda ke ciwo a gaba, kusa da tsakiya, in an danna.

To yaya ake bambancewa? Ciwon tsoka yakan yarda a nuna shi da yatsa ɗaya. In aka danna wurin sai mutum ya zabura ya ce nan ne. Yana ƙaruwa in an juya jiki, ko an ɗaga hannu, ko an ja dogon numfashi, ko an yi atishawa, yana kuma lafawa in an zauna shiru. Sau da yawa in aka yi tunani za a tuna abin da ya jawo shi, kuma yana raguwa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Na laka kuwa da tafin hannu ake nuna shi, ana zagaya shi. Bai damu da motsi ba, yana iya zuwa mutum na kwance. Abin da ke tayar da shi shi ne zafin jiki, gajiya, tashin hankali, ko wata cuta da ta shiga jiki.

Da a ce nan zancen ya tsaya da an huta. Matsalar ita ce su biyun suna ciyar da juna. Tsokar da laka ta sa ta ɗaure na awanni za ta wayi gari da tsami, ta kuma yi ciwo in an danna, kamar wadda aka yi wa rauni. Mai jin suka kuma zai fara taƙaita numfashi, ya duƙar da kafaɗu, ya karkata gefe don ya kare wurin. Wannan zaman na ƙara gajiyar da tsokoki, gajiya da zogi kuma na daga cikin abubuwan da ke tayar da ɗaurewar. Kuma ƙirji ba ya samun hutun da ƙafa ko hannu ke samu. Babba na numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, wato sama da sau 17,000 a rana, kowane numfashi kuwa sai ya motsa wurin da ke ciwo. Shi ya sa raunin da a hannu zai warke da wuri, a haƙarƙari sai ya ja makonni, mai tsanani har wata biyu.

Kafin a kai ga wannan lissafi duka, akwai tambayar da ta riga su. Samun MS bai hana mutum kamuwa da ciwon zuciya ba. Ciwon ƙirji mai nauyi da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi ko baya, tare da gumi, tashin zuciya, jiri ko ƙarancin numfashi, na gaggawa ne, ba na jira a ga yadda gari zai waye ba. Kuma kada a ruɗu da gwajin yatsa: jin ciwo in an danna yana ƙarfafa zaton tsoka, amma bai wanke zuciya ba. Wanda ke yawan zama ko kwanciya saboda raunin ƙafa yana cikin haɗarin gudan jini ya taru a ƙafa ya ɓalle zuwa huhu, alamarsa kuwa suka ce a ƙirji in an ja numfashi, da haki ba gaira ba dalili, wani lokaci da kumburin ƙauri guda. Ga namoniya ga wanda tarinsa ya yi rauni ko yake ƙwarewa in yana cin abinci. Ga ƙwannafi da gyambon ciki. Akwai ma wadda ke kwaikwayon ɗaurin MS sak: ƙwayar cutar ƙarambau da ta kwanta a jijiya tun yarinta, in garkuwar jiki ta yi ƙasa sai ta farka ta haifar da ƙuna a layi guda a gefe ɗaya na ƙirji, bayan 'yan kwanaki ƙuraje masu ruwa su fito a jere. Wasu magungunan MS na rage garkuwa, don haka ba baƙuwa ba ce ga masu shan su, maganinta kuwa ya fi aiki in an fara cikin kwana uku da fitowar ƙurajen. Duk wanda ya ji ɗaurin ƙirji karon farko, ko ya ji salon wanda ya saba ya canza, a duba shi tukuna.

Su kansu magungunan MS suna taɓa ƙirji. Allurar Copaxone kan sa wasu, 'yan mintuna bayan an yi ta, su ji fuska ta yi zafi, ƙirji ya matse, zuciya na dukan uku-uku, yawanci ya wuce da kansa cikin rabin awa. Amma a Janairun 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙara babban gargaɗi a kanta cewa takan jawo mummunar borin jini a wasu ƙalilan, don haka in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi na ƙara ƙuntata, asibiti za a nufa. Ƙwayar Gilenya kuwa tana rage bugun zuciya a shan farko, shi ya sa ake ajiye mutum awa shida ana duba shi.

Amfanin bambancewar ya fi bayyana a wajen magani. Abin da aka saba shi ne a leƙa kemis, mai shago ya saurara rabi da rabi ya ce, “Hajiya, ai sanyi ne ya shige ki,” ya ƙulla diklofenak da farasitamol. In tsoka ce, ya dace, za a ji sauƙi. In laka ce kuwa, an yi asarar kuɗi, domin magungunan kumburi ba su cika taɓa raɗaɗin jijiya ba. Sai a ƙara yawa, a ƙara kwanaki, ciki da ƙoda su biya bashin, balle in an haɗa da sitiroyid. Daga nan sai wani ya kawo shawarar tiramadol, wanda ba sai an gaya wa mutumin arewa abin da ya yi wa matasa ba. Raɗaɗin jijiya da wasu magunguna dabam ake tunkararsa, irin su amitiriptilin, gabapentin, piregabalin da duloksetin, waɗanda asalinsu na farfaɗiya ne ko na damuwa. Ana fara su da kaɗan, suna ɗaukar makonni kafin a ga tasiri, kuma abin da ake fata ragi ne, ba gogewa ba. Su ma ba alewa ba ne. Suna kawo barci da jiri ga mutumin da dama tsayuwarsa ba ta da ƙwari. Birtaniya ta sa gabapentin da piregabalin cikin magungunan da ake sa wa ido a Afrilun 2019, a Disambar shekarar kuma Amurka ta yi gargaɗin cewa haɗa su da dangin tiramadol na iya danne numfashi.

Ɗaurewar tsoka kuma baklofen ko tizanidin ake ba ta, a nan ma akwai ciniki. Wasu masu MS da wannan taurin ƙafar suke tsayuwa. In magani ya sassauta ƙirji, ya sassauta ƙafa ma, sai a ga zogi ya ragu amma gwiwa na lanƙwashewa, nauyi ya ƙara komawa kan hannu da sanda, a dawo gidan jiya. Baklofen kuma ba a yanke shi rana ɗaya, yin haka na iya kawo ruɗewa har da jijjiga. Da likita ake saukowa a hankali.

Sai batun zafi, wanda ya shafe mu fiye da Turawan da suka rubuta yawancin shawarwarin. Tun 1890 likitan ido na Jamus Wilhelm Uhthoff ya lura cewa ganin wasu majinyata na dushewa in sun motsa jiki. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne sanadi: jijiyar da ta rasa rufinta, ƙarin rabin digiri ma na iya sa ta daina kai saƙo. Har an taɓa gwada cutar ta hanyar sa mutum a bahon ruwan zafi a ga ko alamominsa za su tsananta, kafin zuwan MRI. Wannan tsanantar ta wucin gadi ce, tana janyewa in jiki ya huce, ba sabon tabo ba ne. Amma a yi tunanin mai ita a Sakkwato ko Yamai cikin Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba wuta ba fanka. Ga shi kuma maganin gida na ciwon tsoka gashi ne. Tsumma mai ɗumi a kan wurin kaɗai ba laifi, yana ma taimakawa bayan kwana biyun farko. Shiga ruwan zafi gaba ɗaya ko turara jiki shi ne zai sassauta tsoka ya tayar da laka. Mai jego da ke da MS ta fi kowa shiga tsaka mai wuya, domin watanni ukun farko bayan haihuwa su ne lokacin da cutar ta fi yawan tashi, kuma su ne lokacin wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma. Ya dace uwa da uwar miji su ji wannan bayani daga bakin likita, ba daga bakin yarinyar ba, don ita in ta faɗa raki za a ce tana yi. Kuma duk inda fata ta mutu a kiyaye, mutum na iya ƙonewa bai ji ba, a fara gwada ɗumin da wurin da ke da ji.

Tambayar da ke hana masu cutar barci ita ce ko wannan ciwon na nufin ta sake tashi. Ma'aunin likitoci shi ne sabuwar alama, ko tsohuwa da ta tsananta, ta wuce awa 24, babu zazzaɓi babu wata cuta a jiki, kuma an yi aƙalla kwana 30 da tashin baya. Sharaɗin rashin wata cuta ba ado ba ne. Ciwon mafitsara ya yi yawa a masu MS, kuma shi kaɗai na iya dawo da ɗaurin ƙirji da duk tsofaffin alamomi. A wajenmu a ƙara da zazzaɓin cizon sauro. Gwajin fitsari da na jini masu arha sun sha raba mutum da allurar sitiroyid da bai buƙata.

Akwai wani abu da masu tabo a lakar wuya ke ji, kamar lantarki ya bi gadon baya in sun sunkuyar da kai, wanda likitan Faransa Jean Lhermitte ya yi bayaninsa a 1924. Musulmi yakan fara gano shi a ruku'u ko sujada. Wani sai ya riƙa sandare wuya da kafaɗu don gudun sa, ya sayi sabon ciwon tsoka da kansa, alhali addini ya ba mara lafiya damar yin salla gwargwadon iyawarsa.

Hutu ma yana da iyaka. Da can ana ce wa masu MS su guji motsa jiki, har wani bincike na Jami'ar Utah a 1996 ya nuna cewa motsa jiki daidai gwargwado na ƙara musu ƙarfi ya kuma rage gajiya. Ga raunin tsokar ƙirji, a sassauta aikin da ya jawo shi na 'yan kwanaki, amma kada a kwanta ɗungurungum, kuma kada a naɗe ƙirji da ƙyalle ko bandeji yadda aka saba da ɗori, domin yana hana huhu buɗewa ya gayyato namoniya. A riƙa jan dogon numfashi a hankali sau da dama a rana ko da akwai ɗan zafi. In tari ya taso a rungume matashi a kan wurin.

Sauran aikin na likitan gashin ƙashi ne, kuma yawancinsa duba kayan yau da kullum ne. Sanda, in mutum ya tsaya ya saki hannunsa, mariƙinta ya zo daidai wuyan hannu, ta yadda gwiwar hannu za ta ɗan lanƙwasa kaɗan in an riƙe. In ta yi tsawo kafaɗa ce ke ɗagewa, in ta yi gajarta jiki ne ke duƙawa. Ana riƙe ta ne a hannun da ke ɗaya gefen, ba gefen ƙafar da ta yi rauni ba, abin da mutane da yawa ke yi a juye shekara da shekaru. In hannu guda ya gaji da dako, sanduna biyu ko abin turawa mai ƙafa huɗu na raba nauyin. Katifa ta hau gado mai tsayin da ƙafa za ta taɓa ƙasa in an zauna, a kafa ƙarfen dafawa a bangon banɗaki, a samu kujerar zama a kan masai, tukwane da kwanukan da ake amfani da su kullum kuma su sauko daga saman kanta zuwa tsayin ƙugu.